Gaba Uku a Cikin Marmara

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata. Akwai ɗaliban da na koyar shekara biyu cur, yau in sun tare ni a kasuwa sun durƙusa suna gaishe ni, sai dai in yi ta "madalla, madalla" ina laluben sunansu a kaina. Amma akwai abu guda da na tabbata ba zai bar ni ba sai ranar da aka mayar da ni ƙasa, shi ne abin da ya shiga tsakanina da wani dattijo mai haƙan rijiya, a shekarar da soja suka fara mayar wa farar hula mulki.

A lokacin ina koyar da lissafi a wata firamare cikin garin Katsina, ban daɗe da fitowa daga kwalejin horon malamai ba. 'Yan shekaru kafin nan gwamnati ta ce a bar yadi da galan a koma mita da lita, ni kuwa na ɗauki abin nan na ɗora a kai kamar ni na ƙago shi. In matata ta ce in sayo mata yadi shida, sai na tsaya na gaya mata mita nawa ke nan kafin in sa takalmi. Tef ɗin awo ba ya barin aljihuna. Abokan aikina suna kirana Malam Santimita a bayan idona, da labari ya iso mini kuwa, maimakon in ji kunya, daɗi na ji.

Da na yi aure sai na bar gidanmu na gado a Ƙofar Guga na kama haya a Kambarawa. Gidajen wajenmu jefi-jefi ne a lokacin, kuma ruwa shi ne babban ciwon kanmu. Da siyasa ta kankama, wanda ya nemi kujerar majalisa ya yi mana alkawarin rijiya a ƙofar masallaci. Ya ci zaɓe, kuma a gaskiya bai noƙe ba. Ya ce mu nemo mai haƙa, in an gama mu kawo masa takarda mai nuna zurfin rijiyar a mita da kuɗin kowace mita, domin da haka ofis yake aiki, shi zai sa a biya. Aka kafa kwamiti: mai unguwa, da liman, da wani Alhaji mai sayar da hatsi, sai ni aka ba rubutu da lissafi.

Mai unguwa ne ya samo dattijon. Mutumin wani ƙauye ne arewa da gari, yakan shigo da rani ya yi haƙa ya koma gona da damina. Dogo ne siriri, ba shi da yawan magana, yana da wani ɗan tari da ba ya rabuwa da shi. Magidanta biyu ne suke ja masa ƙasa, ɗan ƙanensa da surukinsa. Baba muke ce masa, mu duka har mai unguwa.

Ranar ciniki, bayan an gama gaisuwa, Baba ya ce shi gaba yake haƙa naira goma sha takwas, bisa yadda aka saba. Gaba shi ne tsawon da ke tsakanin yatsun mutum in ya ware hannuwansa biyu, da shi masu rijiya suke awo tun kaka da kakanni. Babu wanda ya tambaye shi mene ne aka saba ɗin. Dukkanmu 'yan cikin ganuwa ne, mun tashi mun tarar da rijiyoyi a gidajenmu, babu wanda ya taɓa sa aka haƙa masa ko ramin shuka. Ni abin da ya dame ni kawai shi ne in mayar da gaba mita. Na roƙi Baba ya miƙe ya ware hannu, na zaro tef na auna shi daga yatsa zuwa yatsa. Ya yi dariya ya ce yau shi ake aunawa kamar za a ɗinka masa rigar Salla. Mita ɗaya da santimita tamanin na samu. Na raba naira goma sha takwas da wannan, ta ba ni naira goma cif a kowace mita. Lissafin ya yi mini kyau har washegari na ba 'yan aji shida shi a allo.

Aiki ya fara da sauri. Cikin mako uku tulin ƙasa ya kusa kai tagar masallaci. Daga nan sai abu ya tsaya cik. Kullum in na taso daga makaranta sai in tarar da magidantan nan biyu zaune a bakin rami, can an jima su jawo kwando, ba komai a ciki sai 'yan jajayen duwatsu da ba su cika tafi huɗu ba. Daga ƙasa kana jin ƙarar ƙarfe, ƙwas, ƙwas, sai tari, sai kuma ƙwas. Suka ce marmara aka tarar, wato jan dutsen nan na cikin ƙasa. Mako biyar aka yi a haka. Ni da ban taɓa riƙe dagi ba, na yanke a raina cewa tsoho jan ƙafa yake yi. Daga baya aka wuce dutsen, aka shiga yashi, ruwa ya ɓullo, mai daɗi kuwa, unguwa ta ɗauki murna.

Aka sa ranar ƙididdiga bayan la'asar a ƙofar masallaci. Da safiyar ranar na ɗaura dutse a zare na zura har ƙasan rijiyar, na jawo na shimfiɗa a ƙasa na bi shi da tef. Mita ashirin da ɗaya da santimita sittin. Na raba da mita ɗaya da tamanin, gaba goma sha biyu ya ba ni, ba ragi ba ƙari. Na buga mitocin da naira goma, naira ɗari biyu da goma sha shida. Na ninke takardata na sa a aljihu.

Jama'a ta taru sosai da yamman nan, har da mutanen wasu unguwanni da suka zo ganin rijiyar siyasa. Mai unguwa ya tambayi Baba abin da ya haƙa. Baba ya ce gaba goma sha biyar, kuɗinsa naira ɗari biyu da saba'in.

Wallahi har yau ina tuna abin da na ji a ƙirjina. Ba ɓacin rai ba ne, murna ce, irin ta wanda ya daɗe yana jiran ranar da iliminsa zai yi rana. Na sa aka ɗauko allon makarantar dare da ke jingine a masallacin, na rubuta lissafina baro-baro da alli, na bi shi layi-layi kamar ina gaban aji. Na ce gaba goma sha biyar ai mita ashirin da bakwai ke nan, ga zare ga rijiya, duk mai shakka ya je ya zura.

Baba ya ɗago kai ya ce, "Malam, ai akwai marmara..."

Ban bari ya ƙarasa ba. Na ce mita mita ce, ko a dutse ko a yashi, tsawonta ba ya canzawa. Mutane suka yi 'yar dariya, dariyar ta ƙara mini ƙarfi. Sai na faɗi maganar da na fi nadama a duk abin da bakina ya taɓa furtawa.

"Baba, gaba uku ka ƙara mana. Da ba a yi awo ba, da ka ci naira hamsin da huɗu na haram, a rijiyar masallaci."

Surukinsa ya yunƙura zai yi magana, Baba ya dafa masa gwiwa. Liman ya ce ƙila mantuwa ce irin ta tsufa, a bar maganar. Baba ya daɗe yana kallon allon nan da ba ya iya karantawa, sannan ya ce, "To, Malam. Yadda ka rubuta, a bar shi hakanan. Allah shi ba mu alheri." Ya tashi ya kaɗe rigarsa, mutanensa suka bi shi.

Takarda ta tafi da lissafina, kuɗi suka fito, aka ba shi ɗari biyu da goma sha shida, ya karɓa ya tafi. Na zama gwarzon unguwa. Alhaji mai hatsi, wanda dama ya yi da Baba zai haƙa masa rijiya a lambunsa, ya aika masa cewa ya fasa. A rumfarsa ta kasuwa kuwa duk wanda ya zauna sai ya ba shi labarin yadda ɗan boko ya kama tsoho da tef. Mai haƙan rijiya ba shi da shago, ba shi da alama, sunansa shi ne jarinsa, domin aikinsa a cikin rami yake inda mai gida ba ya gani. Wannan ban yi tunaninsa ba a lokacin.

Kusan wata guda bayan haka na je gaishe da mahaifiyata a Ƙofar Guga. Na same ta a tsakar gida tana tsince wake a faifai. Na ajiye mata goro, na zauna na kwashe labari na ba ta, ina ƙara gishiri, ina jiran ta sa mini albarka. Ba ta ɗago ba, sai ta tambaye ni ko an ci marmara a rijiyar. Na ce an ci, har mako biyar aka yi ana fama. Hannunta ya tsaya a cikin waken.

"Kai wanga yaro," ta ce, "gaba guda cikin marmara ai biyu ake ƙirga shi. Rijiyar gidan ga da ka sha ka girma, haka kakanka ya biya. Wa bai san wannan ba?"

Na ce babu wannan a littafi. Ta ce ita ba ta san littafi ba, amma ta san mai rijiya ya kwana arba'in a ramin can, ita ce take kai masa fura tana amarya. Sannan ta tambaye ni ko tsohon ya yi ƙoƙarin yi mini bayani. Na ce ya fara, ban bari ya ƙarasa ba. Ta sake tambaya ko a gaban mutane na faɗa masa. Na ce a ƙofar masallaci. Ta sa bayan hannu ta turo mini goron nan gabana, ta ci gaba da tsintar wakenta. Na tashi na yi mata sallama na fito.

Da mai hankali ne, daga nan wurin Baba zai zarce. Ni kwana huɗu na yi ina gardama da kaina. Na tambayi wani tsohon magini, ya ce haka ne, ko yaro a cikin masu haƙa ya sani. Duk da haka zuciyata ta samo wata kafa: to, wa ya ce marmarar ta kai gaba uku? Ƙila biyu ce ya ƙara ɗaya. Girman kai rawanin tsiya, kuma ni na naɗa shi har da kunnuwa.

Na samu Baba a zauren da suke sauka, su uku suna zaune da hantsi, lokacin da ya kamata a ce suna bakin aiki. Kayan haƙarsu na jingine a lungu. Na gaishe shi, ya amsa da sakin fuska, har ya tambayi iyali. Kunya ba ta hana ni ba, na ce ina so in auna marmarar. Surukinsa ya kawar da kai. Baba ya dube ni ya ce, "Ba a auna ta daga sama, Malam. Sai ka shiga."

Washegari da sassafe muka haɗu a bakin rijiyar. Suka ɗaura mini igiya a ƙugu da cinyoyi, suka zarga ta a itacen da aka gitta a baki. Na rataya tocila a wuya, alli da tef a aljihu. Na zaci magidantan ne za su riƙe, sai na ga Baba ya naɗe hannun riga ya kama gaban igiyar da kansa, su suna bayansa. Ya ce in yi bisimilla, kada in dubi ƙasa, in dinga tokare bango da ƙafa.

Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Kana sauka haske yana tsukewa, iska tana nauyi, numfashinka yana dawo maka a kunne. Da farko bangon ƙasa ce mai laushi, ana ganin sawun diga fafaɗa-fafaɗa. Can sai launi ya sauya ya koma ja, ƙafata ta ji tauri. Na kunna tocila. Bangon nan duk zagayensa sawun bakin dagi ne, ƙanana-ƙanana, kowane bai fi kan ɗan yatsa ba, ɗaya a jikin ɗaya, ba su ƙirguwa. Kowane ɗaya bugu guda ne na tsohon da ya haifi kamata, a tsugune, a wurin da ni ko numfashi da ƙyar nake yi. Na zaro makullin ɗakina na kankari dutsen da iyakar ƙarfina, ko alama bai yi ba.

Na sa alli a inda jan ya fara, na dinga aunawa ina cewa a sassauta, ana sassautawa a hankali, ba fizga ko sau ɗaya. Da na kai inda yashi ya karɓa sai na haɗa. Mita biyar da santimita saba'in. Gaba uku mita biyar ne da santimita arba'in. Ashe har santimita talatin na dutse ya bar mana bai ƙirga ba.

Na ɗaga kai. Bakin rijiyar ya zama ɗan fari kamar faifai, ga kan Baba ya leƙo, ina jin tarinsa. A nan ne abin ya dake ni: mutumin da na kira maci haram a gaban jama'a, shi ne yake riƙe da igiyar da raina yake rataye a jiki. Na yi kuka a cikin ramin nan, ba na jin kunyar faɗa. Ya kira ni ya ce ko na gama a jawo, na ce a jawo.

Da na fito na zube a gabansa na ce ya yafe mini. Yana naɗe igiya ya ce, "Tashi, Malam, kai malami ne. Ni na yahe tun rannan. Amma inda ka hwaɗa, can za ka gyara." A nan ɗan ƙanensa ya gaya mini cewa Baba ya biya su ladansu a kan gaba goma sha biyar cif, daga rabonsa ya cike, domin ya ce su ba su yi laifin komai ba.

Da la'asar ɗin ranar na miƙe bayan an yi sallama na ce jama'a su dakata. Sahu biyu ne kawai a masallacin, na biyun ma bai cika ba. Ranar da na tozarta shi kuwa har a kan tulin ƙasa mutane suke tsaye. Na sa allo na sake lissafin: gaba goma sha biyu na zurfi, uku daga ciki marmara ne ana ƙirga su biyu-biyu, goma sha biyar ke nan, naira ɗari biyu da saba'in. Na ce Baba bai ƙara ko taƙi ba, ragi ma ya yi mana, ni ne na zalunce shi. Mai unguwa ya yi ta salati. Liman ya ce shi ma da laifinsa, da ya ce mantuwa ce bai tambaya ba. Takardar ɗan majalisa ta riga ta rufe, ga shi da an rubuta gaskiya tun farko da ya biya ba musu. Rijiya ta bayar, ni ne gugan da ya hana. Na cike naira hamsin da huɗun daga albashina, Baba ya karɓa domin haƙƙinsa ne.

Na dubi Alhaji mai hatsi na ce saura maganar lambu. Ya sunkuyar da kai ya ce ya riga ya ba wani, har an yi nisa. Da muka fito na ce wa Baba zan bi rumfa-rumfa in warware abin da na ƙulla. Ya yi ɗan murmushi ya ce, "Ka gwada, Malam. Amma maganar ta riga ka nisa. Ta kai kasuwa, daga kasuwa kuwa mota take hawa."

Na gwada. Na je rumfar Alhaji ranar da ta cika na faɗa, na faɗa a makaranta, na faɗa a duk majalisar da na zauna. Mutane sukan ce Allah sarki, su koma hirarsu. Labarin ɗan boko ya kama tsoho yana da daɗin bayarwa, labarin ɗan boko ya yi kuskure ba wanda ya ɗauka ya kai gaba. Baba bai ƙara samun rijiya ko ɗaya a ranin nan ba. Tun kafin ruwan farko ya sauka suka tattara suka koma ƙauye, rani na gaba kuma bai shigo ba.

Bayan shekara biyu na ci karo da surukinsa a kasuwar hatsi. Ya ce Baba ya rasu da kaka, tarin nan ne ya kwantar da shi. Na yi masa ta'aziyya, sannan na tambaye shi abin da ya hana su dawowa. Ya ce ba a gari kaɗai ba, har a kasuwannin wajensu maganar ta je, in an ambaci Baba sai wani ya ce, ai wanda aka kama yana ƙara gaba a Katsina. Na ce ba su ji an gyara ba? Ya ce, "Mu mun ji, Malam, tunda muna wurin."

Na koyar da lissafi shekara talatin da wani abu bayan wannan, na koya wa yara mayar da santimita mita, da giram kilo, da fitar da farashi daga ciki, kuma har gobe ina cewa ilimi ne mai amfani. Lissafina na ranar nan babu kuskuren kwabo a cikinsa. Abin da na koya shi ne, alƙalami yana iya yin daidai mai riƙe da shi ya yi zalunci, in bai san aikin da yake yi wa kuɗi ba. Kafin ka sa wa gumin mutum farashi, tambaye shi yadda ake yinsa. Kafin ka tuhume shi, bar shi ya kai ƙarshen maganarsa. Kuɗi na iya mayarwa cikin wata guda, sunan da na ɓata cikin minti biyu kuwa, har mai shi ya shiga kabari ban iya mayar masa ba. Allah ya jiƙan Baba, ni kuma ya yafe mini.